Shekarar da Muka Ta da Wule

Duk wanda ya gaya muku saniya ce ta raba ni da aikin soja bai yi ƙarya ba, sai dai ya gutsure labarin, ya ba ku wurin dariya ya ɓoye saura. Gwaggonninku sun daɗe suna wannan tsokana, har ta kai jikokina suna yi mini kukan saniya duk ranar da na ɗauko hoton nan da nake cikin fararen kaya. Yaran ba su da laifi. Manyan da suka san yadda aka yi su ne ke ba ni haushi, kuma tun da yawancinsu sun riga ni tafiya, bari in faɗe shi da kaina yadda ya faru.

Ni Bagobiri ne na ƙauye, daga wata 'yar unguwa kusa da Tsamaye, inda babban ruwan da muka sani shi ne gulbi, shi ma rabin shekara yashi ne. Yadda ɗan irin wannan wuri ya zama sojan ruwa na riga na ba ku labarinsa. Abin da ya shafi wannan labari shi ne lokacin da aka tura mu Indiya koyon aikin tukunyar jirgi, wato inda ake dafa ruwa ya zama tururi, tururin ya juya inji. A can aka hau da mu wani jirgin ruwa da ban taɓa zaton ɗan Adam zai iya ƙera irinsa ba, mai dakon jiragen sama na yaƙi. Bisansa fili ne shimfiɗaɗɗe, ya fi filin Idin garinmu tsawo, amma duk da haka ya yi wa jirgin sama kaɗan. A tudu jirgi yana samun doguwar hanya, ya yi ta sheƙa gudu har iska ta ɗauke shi. A can kuwa kafin ya kai gudun da yake bukata fili ya ƙare, abin da ya rage sai teku.

Dabarar da suka yi ita ce su ara masa ƙarfi na ɗan lokaci. Tururin da muke dafawa a ƙasa ana tara shi a wani babban tanki. Daga tankin akwai dogayen bututu kwance ƙarƙashin filin, da fistin a ciki, wato ƙarfen da tururin ke turawa, fistin ɗin kuma yana da ƙugiya da ta leƙo sama ta wata tsaga. Sai a kawo jirgin sama a maƙala shi a ƙugiyar da igiyar ƙarfe, a kuma ɗaure shi ta baya don kada ya motsa. Jirgin ruwan ya juya hancinsa ya fuskanci iska, ya ƙara wuta. Matuƙi ya buɗe injinsa har ƙarshe, jirgin yana ruri, yana rawa, yana son tafiya an hana shi. Akwai hafsa guda da ke tsaye a gefe da 'yar tuta, ba abin da yake yi sai kallon matuƙi da sauraren inji, kuma ba ya sauke tutar nan sai ya tabbata jirgin ya ba da duk abin da yake da shi. Yana saukewa sai a saki tururi, ɗaurin baya ya tsinke, kafin ka ƙifta ido jirgin ya wuce bakin fili, ya ɗan nutsa kamar zai sha ruwa, sannan ya ɗaga. Fistin kuma ya je ya daki ruwan da aka tanada a ƙarshen bututu ya tsaya, har ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafarka ya girgiza. Malaminmu ya ce awo ake yi wa tururin daidai nauyin kowane jirgi, in ya yi kaɗan jirgi ya faɗa teku, in ya yi yawa ya yage shi. Ya kuma nuna mana a majigi wani sabon salo na Turawa. Su ba sa harbawa, ƙarshen filin suka tanƙwara ya zama hawa, jirgi ya taho da gudunsa, hawan ya cilla hancinsa sama.

Ban daɗe da dawowa Ikko ba aka ba ni hutu. Shekarar fari ce, wanda ya zo a bayan ciwon bushiya da ya riga ya kassara shanu. Muna jin labarin a rediyo, amma rediyo ba ya kawo wari. Na sauka jirgin ƙasa a Ƙaura na hau babbar mota, tun daga Shinkafi warin mushe ya fara bin mu. Tsakanin Isa da Sabon Birni na daina leƙawa waje. Ungulaye sun ƙoshi har ba sa tashi su ba mota hanya.

A gida na tarar yayana ya tafi kudu neman abinci, ya bar matarsa da 'ya'yansa, haka kuma kusan duk wani namiji mai ƙarfi a unguwar. Rumbu an share shi har daɓe. Inna tana jiƙa 'ya'yan anza, tana zubar da ruwan tana sakewa don ɗacin ya fita, shi ne abincin gida. Buhun masarar da na taho da shi sai da ta sa aka tura shi ƙarƙashin gadonta. Baba kuwa, Malam Bawa, mutumin da nake tsoron damtsensa ina yaro, na same shi rigarsa ta zama kamar ta aro. Bai tsaya mun gama gaisuwa ba ya ja ni bayan gida. A gindin gawo wata jar saniya tana kwance, ƙashin ƙugunta ya fito kamar an rataya fata a turke biyu. Na san ta, Wule ce, saboda farin da ke goshinta.

Ba tamu ba ce, kuma nan ne duk maganar take. Fulani suna da wata al'ada da suke kira haɓɓanaye: mutum ya ba amininsa aron karsana, ta yi ta haihuwa a hannunsa, 'ya'yan nasa ne, uwar kuma in wa'adi ya cika ta koma wa mai ita. Baffa Jaɓɓi, wani Bafulatani da ke sauka da garkensa a gonarmu kowace kaka tun kafin a haife ni, shi ya ba Baba Wule bayan wani fari da aka yi a shekarun baya ya cinye wa Baba shanu. 'Ya'yan da ta haifa mana bushiya ta kwashe su. Yanzu tana ɗauke da cikin da in ta haife shi za ta koma gida. Jaɓɓi kuwa ya kora garkensa ya yi kudu tun da damina ta ƙi, ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

Saniya in yunwa ta kwantar da ita, ba yunwar ce ke ƙarasa ta ba, kwanciyar ce. Ƙafafu su mutu, ciki ya kumbura, shi ke nan. In an samu an tsayar da ita da safe takan yini a tsaye tana ɗan tsince-tsince, amma da ta kwanta da yamma sai an sake ɗagawa. Masu banda sun san haka, shi ya sa suke yawo ƙauye-ƙauye da wuƙa, suna yanke wadda ta faɗi su ƙyafe naman su yi kudu da shi. Washegarin zuwana ɗaya daga cikinsu ya leƙo, ya zagaya Wule, ya taɓa ta da ƙafa.

"Malam Bawa, wagga ba ta kai Juma'a. Bari in aza wuƙa, in bar muku cinya da kayan ciki."

Baba ya ce masa ya gaida gida. Da mutumin ya fita sai Inna ta fito daga madafi, ita da ba ta saba yi wa Baba magana a gabanmu ba.

"Malam, ka dibi ɗiyan ga. Anza suka ci, cikkunansu na kumburi. In tam mace mushe ta, mu ba mu ci ba, Jaɓɓi bai samu ba. Shi kainai in shina nan, shi ka aza wuƙa."

"In shina nan dukiyatai ta, shi yanka," in ji Baba. "Ba shi nan. Ni aro anka ba ni, ba a ba ni wuyanta ba."

A ranar ni bayan Inna nake. Na ga 'ya'yan yayana, na ga gashinsu ya yi ja. Abin da ya juya ni shi ne ɗagawar da na gani da safe. Tsofaffin maƙwabta suka zo, aka zura taɓarya ƙarƙashinta, wani ya kama jela, wani ƙaho, aka yi ta ihu. Ita kuwa tsoro ya sa ta saki jiki, ƙafafu na reto, ba ta taimake su da komai ba. Da ƙyar aka tsayar da ita, tsofaffin suka zube suna haki. Mutumin da bai karya ba, ba za ka yi ta kiransa ɗaukar saniyar wani ba, don haka kowace safiya masu zuwa sai raguwa suke, har ranar da ba wanda ya zo. Na fito na tarar da Baba a durƙushe, ya sa kafaɗa a ƙugunta shi kaɗai yana turawa, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

"Tashi, Wule. Tashi ki hisshe ni kunya."

Ban taɓa jin ubana ya roƙi mutum ba, sai ga shi yana roƙon dabba. Tausayi ya kama ni, haushi kuma ya fi tausayin yawa, na rantse a raina saniyar nan ba za ta mutu a kwance ba. Muka yi iya ƙoƙarinmu mu biyu, muka kasa. Da muka ja gefe muna hutawa, Baba ya miƙa mata 'ya'yan gawo daga ɗan nesa, sai na ga abin da ihun masu ɗagawa ya hana ni gani. Ta miƙa wuya, ta tattaro ƙafafun baya, ƙugunta ya rabu da ƙasa kamar taƙi guda, ya yi rawa, ya koma. Ƙarfin tsayuwa tana da shi, na farawa ne ya gaza mata.

Da hantsi na gangara fadama neman ruwa a ramukan da ake tonawa cikin yashin gulbi. Jigunan ban ruwa suna nan tsaye a bakin busassun rijiyoyi, kowanne da curin lakarsa a gindi da dogon wuyansa a sama, ba mai taɓa su. Na tsaya a gaban na Baba, na ja wuyansa ƙasa na saki, nauyin lakar ya fizge shi sama. Na sake ja na sake saki. Ruwan ma ban ɗebo ba na koma gida da sauri, na zauna na ba su labarin jirgin Indiya tun daga tukunya har tuta.

"Jirgin bisa cikin jirgin ruwa," Baba ya maimaita, yana kallona kamar na sha wani abu. "To, jigo dai ruwa shika ɗebowa, ban taɓa ganin ya ɗebo saniya ba."

"An aika shi koyon aiki ya komo muna da tatsuniya," in ji Inna.

Amma ba wanda ke da wata dabarar, don haka Baba ya bar ni. Sandar jigo ta yi siriri, sai muka zare azara guda daga rufin zaure. Na kafa gwafanni biyu masu kauri a gefen Wule, na gitta itace, na ɗora azarar. Jigon ruwa nauyinsa a guntun hannu yake, ni sai na juya shi: guntun hannun a saman ƙugun saniya, dogon kuma na rataya masa buhunan yashi, su ne tururina. Majanyin ɗagawa na yi shi da buhun algarara, Inna ta ba da tsohon gwadonta aka naɗe don kada ya yanke ta, na zagaya shi ta cinyoyi, nesa da ciki saboda ɗan da ke ciki. Buhunan na ja su sama da igiyar da na ratsa ta reshen gawo na naɗe a turke, shi ne ɗaurin baya. A ƙarƙashinsu na tara tulin yashi inda za su faɗa su tsaya, don kada azarar ta wuce da ita sama. Sannan na tuna da hawan Turawa. Jirgi da hanci yake tashi, saniya kuwa da ƙugu take farawa, don haka na gyara makwancinta ya zama gangare, baya a tudu, gaba a ƙasa.

Gwajin farko ya kusa zama ajalinta. Yashin ya yi yawa, kuma ni na saki igiyar da kaina tun ba ta shirya ba. Azarar ta fizge ta, Wule ta yi wani kuka da har yau ina jin sa, ta yi lilo, gwiwoyinta suka goge a ƙasa har jini. Matar yayana ta toshe kunnuwan yara. Baba bai zage ni ba, ya dai tsuguna yana shafa cikin saniyar yana jira ya ji motsi. Da ɗan ya motsa sai ya ɗago kai.

"Mutumin nan mai tuta da kac ce, mi shika jira kahin shi sauke?"

"Sai jirgi ya ba da duk ƙarhinai, Baba."

"To kai mi kaj jira?"

Muka rage yashi, muka raba aiki. Baba ne ya san numfashinta, shi zai zama mai tuta. Ni dole in tsaya a ƙirjinta, don in baya ya tashi sai an tallafi gaba. Igiya ta rage ba mai riƙewa, muka juya muka dubi Inna.

"Ni da nic ce a yanka ta?"

"Ke kin hi kowa saurin hannu gidan ga," in ji Baba.

Ta yi tsaki, ta gyara ɗaurin zane, ta je ta kama igiyar.

Washegari da rana ta ɗan ɗaga, jikin Wule ya yi ɗumi, kowa ya kama wurinsa. Ba ihu, ba mai taɓa jela. Baba ya tsuguna a gabanta, ƙoƙon dusa a ƙasa inda bakinta ba zai kai ba, hularsa a hannun dama ya ɗaga ta sama. Ya fara kiranta irin kiran da Jaɓɓi ke yi. Ta motsa kunne, ta miƙa wuya. Inna ta gyara riƙon igiya a kan turke, amma hular ba ta sauka ba. Wule ta tattaro ƙafafu, kofatonta suka nutse cikin yashi, duk jikinta ya ɗauki ɓari, idanunta suka firfito, sai a lokacin hula ta faɗi. Buhuna suka sauko suka daki tulin yashi, ƙugunta ya tashi ya tsaya daidai inda ya kamata. Na cusa kafaɗa ƙarƙashin ƙirjinta, ta miƙe ƙafa guda, ta miƙe ta biyun. Ga ta a tsaye, tana huci, ta sa baki a ƙoƙo. Baba ya ɗauki hularsa yana kakkaɓewa, ya daɗe yana kakkaɓe ta fiye da yadda ƙurar ta kai.

"To, ta tashi," in ji Inna. "Sai a ba ta mi?"

Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta a kaina ta faɗa. Gawo shi ne icen da ke da ganye da rani, amma na kusa duk an sassare su, sai in yi nisa, in hau, in saro, in ɗauko a ka. Tsohuwar jinkar rumbu muka sauke, ana jiƙa ta da ruwan kanwa ana ba ta. Kowace yamma kuma sai na ja buhunan nan sama don aikin safe. Muna cikin haka hutuna ya ƙare, damina kuwa ko alamarta babu.

"Wa'adinka ya cika," Baba ya ce mini. "Tahi. Allah na nan."

Inna ta fi shi faɗin gaskiya.

"Nomau, kai ɗai muka dibi. In sunka kore ka, saniya za ta ba mu hatsi? Ka yi abin da kay yi, Allah shi yi ma albarka, ɗauki jikkakka."

Na san dokar soja, na san abin da ake yi wa wanda ya wuce hutu. Kuma kada wani ya ce muku ba na son aikin nan. Ina son sa ƙwarai, ina son ƙarar tukunya da ƙanshin teku, ina son yadda ake kallona in na sauka tashar Sabon Birni da fararen kaya. Na ɗaure jakata da safe bayan mun ta da Wule, na ce kafin in fita su gwada jan buhunan a gabana. Baba da matar yayana suka kama igiya, Inna ta kama bayansu. Buhunan suka ɗan rabu da ƙasa, igiyar ta suɓuce, ta saɓule wa Baba fatar tafin hannu. Ya ɓoye hannun a aljihu ya ce in tafi, za su saba. Na dubi gawon da ba mai iya hawansa a cikinsu, na dubi Wule. Na mayar da jakar ɗaki.

"Ba ni tahiya sai ta tashi da kanta."

Inna ta daina yi mini magana sai ta dole. Amma ko sau ɗaya ba ta makara wurin igiya ba. Na aika saƙo Ikko ta hannun wani direba, ko da yake na san soja ba ya cin saƙo. Zafin bazara ya zo, masarar da na kawo ta ƙare, muka koma wa anza dukanmu. Akwai safiyar da na cusa kafaɗa na ji duhu ya rufe mini ido, sai da na riƙe ƙahonta ni ma na tsaya. Abin da ya riƙe ni shi ne yashin. Duk lokacin da Baba ya ga ta ƙara kuzari sai ya ce in kwance bakin buhu in ɗebe kaɗan, in ta ja baya mu mayar. A hankali buhunan suka fara saɓa, har guda ya zama fanko muka cire shi.

Ruwan farko da ya sauka ya kashe shanu da yawa a yankin, don sanyinsa ba ya barin ramammiya. Mu tabarmin gidan kaf muka lulluɓa mata, muka hura wuta a gefenta. Da ciyawa ta tsiro muka riƙa tsinko mata da hannu kaɗan-kaɗan don kada ta ɓarke da zawo. Wata safiya Inna ta riga mu fita, muka ji ta ce mu zo mu gani. Wule tana tsaye a ƙarshen igiyarta tana cin ciyawar gindin danga, buhun yashi yana rataye a sama ba wanda ya sake shi. Ba a daɗe ba ta haifi maraƙa, ja kamar uwarta, sai a lokacin na ɗauki jakata.

A Ikko wanda ya fara tarye ni shi ne shugaban sashenmu, wani Bayarabe mai jin Hausar bariki. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa, kullum bawansa yake kirana. Ya ce in ce ciwo na yi, zai tsaya mini. Na ce lafiyata ƙalau, saniya ce ba ta da lafiya. Ya riƙe kai ya ce dama ya san Bagobiri ba ya warkewa, amma na ga idonsa ya kawo ruwa. A gaban hafsa ma abin da na faɗa ke nan. Aka tsare ni, aka cire mini igiyar muƙamina, aka sallame ni. Ban riƙe kowa a raina ba, dokarsu ce kuma na san ta tun kafin in taka ta. Amma ranar da na miƙa fararen kayan nan na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa muku.

Na dawo gida an gama girbi, ɗan abin da aka samu bai kai rabin rumbu ba. Lokacin ne garken Fulani ke sauka cin kara, amma shekarar gonaki shiru. Wata la'asar sai ga Baffa Jaɓɓi, da sandarsa a kafaɗa, matarsa a baya tana jan jaki guda da ƙore a kai. Ba ko ɗan maraƙi a bayansu. Ya zauna a zaure suka yi ta gaisuwa da Baba. Ya tambayi Inna, ya tambayi yayana, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har maƙwabta. Wule ce kaɗai bai tambaya ba, don mutumin da ya ga garkensa duka ya zube a hanya ba zai kunyata amininsa da irin wannan tambaya ba. Baba ya bari sai da ya sha ruwa ya ci abin da aka kawo.

"Taso mu kewaya baya, Jaɓɓi."

Ita ta fara ganin sa. Ta ɗaga kai ta yi wani gunji a hankali. Jaɓɓi ya tsaya cik, sandar ta zame daga kafaɗarsa. Ya matsa ya dafa goshinta, ya bi bayanta da hannu har cinyoyi, inda majanyi ya cinye gashin bai sake tsirowa ba.

"Bawa, mi as same ta nan?"

Baba ya nuna masa gwafannin da azarar, ya nuna ni, ya nuna Inna da ke tsaye bakin danga, ya ba shi labari a taƙaice, har da abin da ya faru a Ikko. Jaɓɓi ya sunkuyar da kai. Ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, ya daɗe a haka.

Da za su tafi sai gardama ta tashi a kan maraƙa. Baba ya ce ya haɗa da ita, saniya guda ba ta zama garke. Jaɓɓi ya ƙi.

"Maraƙa taka ta. Haka munka gada, ba ni ɓata shi don na talauce. Ku ma ba ku da komi."

Ya kwance Wule ya ja ta. Ta bi shi har ƙofar danga, sai maraƙa ta yi kuka daga turke. Wule ta ja ta tsaya. Ya ja, ya kira ta, ya lallashe ta da Fulatanci. Sai kawai ta lanƙwashe gwiwa ta kwanta a bakin ƙofa, saniyar da muka ƙare rani muna tayarwa. Maza uku muna tsaye ba wanda ya san abin yi. Inna ce ta ratsa tsakaninmu, ta tsuguna a gindin turke tana kwance ƙullin.

"Ni dai ba ni koma riƙa ma kowa igiya," in ji ta. Ta daki gindin maraƙar. "Tahi ki bi uwakki."

Kafin maraƙar ta iso Wule ta miƙe. Jaɓɓi ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta riga ta shige gida. Muka tsaya ni da Baba muna kallon su sun kama hanyar Kurawa, jaki a gaba, jajaye biyu a baya, har karan gonaki ya rufe su. Bayan gidanmu ba ko akuya, ni kuma ba aiki. Baba ya sunkuya ya girgiza turken ya tuge shi, ya dubi wurin da Wule ta yi rani tana kwance.

"Ɗauko kwando, Nomau," ya ce. "Mu kwashe takin ga mu kai gona."